Buhunan Gwaggo

'Ya'yana suna cewa in mutum ya ajiye hularsa a ɗakina ya fita alwala, kafin ya dawo na bayar da ita. Sharri suke mini, amma da ɗan gaskiya a ciki. Kwano in ya huje ba ya kwana a gidana. Zane in na daina ɗaura shi, ranar nan yake barin akwati. Duk wanda kuma ya kawo mini kyauta a ƙunshe sai na kwance ta a gabansa yana tsaye, ko da zai fita yana cewa ba ni da kunya. Su a ganinsu tsafta ce ta yi mini yawa. Ni na san haushi ne, na kuma san ranar da ya shige ni.

Farin farko da na yi wayo da shi a Kamarawa ya same mu, ni da Inna da ƙanena. Babanmu bai daɗe da rasuwa ba. An yi shuka ta tsiro rana ta ƙone ta, aka sake shukawa, har iri ya ƙare a hannun mutane. Ɗan geron da ya tsira ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Kafin sanyi ya shigo, Inna tana shiga rumbu da tsintsiya da faifai, tana fitowa da abin da bai cika tafin hannu biyu ba. Mazan gari suka watse cin rani. Mu ba mu da namijin da zai tafi ya aiko.

Amma muna da Gwaggo, yayar babanmu ciki ɗaya. Tana aure a Sabon Birni, mijinta ɗan kasuwar hatsi ne mai kai da kawo tsakaninsa da Maraɗi. Shekarar da kowa ke kuka, shi a shekarar ya gama sabon gida mai rufin kwano. Inna ta daɗe tana juya maganar a ranta kafin ta aika, don ita mace ce da ta fi son ta kwana da yunwa da ta buɗe baki. Da abin ya ci tura ta ba wata mai zuwa kasuwa saƙo: a gaya wa Yaya marayunta suna gaishe ta, kuma rumbu ya yi ƙasa. Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan.

Amsa ta zo a bayan raƙumi. Bayan la'asar ne, lokacin da kowa yake waje. Wani Buzu ya shigo gari yana jan akala yana tambayar gidan marigayi da babbar murya, yara suka bi shi a guje, mata suka leƙo ta kan darni. Raƙumin ya durƙusa a ƙofar gidanmu da buhuna huɗu na algarara, cike tam, an ɗinke bakunansu da shuɗin zare. Buzun ya ce saƙo ne daga 'yar'uwar mai gidan. Maƙwabciyarmu ta bayan darni, wadda muke kira Iya, ta rangaɗa guɗa. Ita ce aminiyar Inna tun suna amare, tare suke daka, tare suke zuwa rijiya. Ta rungume Inna tana cewa, "Allah ya dube ku, Allah ya dubi marayu."

Inna ta kama kunnen buhu ɗaya, ni na kama ɗayan. Muna ɗagawa wani abu ya yi ƙara a ciki, ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe. Na dubi Inna. Sai ta saki tari, tari mai tsawo da ban taɓa ji a bakinta ba, ta yi ta yinsa har muka ja buhun cikin zaure. Wasu dattawa suka taso za su taimaka, ta ce su bar shi, ba nauyi. Haka muka ja su ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗaki, tana tari ina ja. Sannan ta fito, idon gari duk a kanta, ta kama kazarmu guda da ta rage ta miƙa wa Buzun tukuici. Buhu huɗu na hatsi ba a ba wa mai kawo shi hannu banza, kuma mutane suna kallo. Buzun ya karɓi kazar bai ɗaga ido ba. Shi da ya ɗora su a raƙumi ya san abin da ya ɗauko.

Da ta saki asabari ta farke buhun farko. Tsummokara ne a baki, an cusa su ta gefe da gefe don buhun ya yi kyan gani. Ƙarƙashinsu fitilar ƙwai ce babu ƙwai, da kwalla mai huji a gindi, da butar ƙarfe da hancinta ya ɓalle, da dutsen guga na gawayi ba murfi. Buhu na biyu tasoshi ne da tsatsa ta cinye, da laima karyayya, da akushi da aka taɓa ɗinke tsagarsa ta sake buɗewa. Gwaggo ta tare a sabon gida, ta share tsohon ɗakinta, ta rasa inda za ta zuba sharar sai ta tuna tana da marayu. Inna ta laluba sauran biyun ta waje, tana matsawa da yatsu daga sama har ƙasa, ko Allah zai sa a ji laushin tsaba a wani lungu. Ba ta farke su ba. Ta jingina su a bango ta zauna a kan tabarma, ƙanena yana tambaya ko yau za a yi tuwo.

Ba a yi tuwo ba. Amma an hura wuta, don Inna ta ce gidan da raƙumi ya durƙusa a ƙofarsa dole hayaƙi ya tashi. Ta ɗora ruwa da ɗan ganyen tafasa busasshe, muka sha muka kwanta.

Da safe Iya ta yi sallama da 'yar ƙwarya a ƙarƙashin mayafi. 'Yarta tana jego a ɗakinta, nono ya ƙafe, jaririn kukansa ma ya daina fita sosai. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ita da ba ta taɓa durƙusa wa Inna ba, ta ce, "Ɗan abin kunu nika so, ko tahi guda. Don mai jegon ga."

Inna ta ce, "Wallahi babu."

Iya ta ɗaga kai. Asabarin bai rufe ƙofar duka ba, ga buhuna biyu a jingine, cike, da ɗinkinsu. Ta dube su, ta dubi Inna. Ni na zabura zan jawo ɗaya in zazzage mata a gabanta, sai Inna ta taka mini ƙafa, ta danne da ƙarfi har na ji a ƙashi. Iya ta miƙe ta mayar da ƙwaryarta cikin mayafi. Ba ta yi zagi ba, ta fita. Jaririn bai kai suna ba.

Na yi wa Inna kuka ranar, kukan haushi. Na ce me ya sa ba ta nuna mata ba. Ta ce, "Yi kurum. In na buɗe buhun ga, gobe labari shina Sabon Birni cewa na tona asirin Yaya. Jibi su zaka su kwashe ku, ke da ƙanenki, su ce ban iya riƙo ba. Gidan ga ma nasu na. In rasa hatsi in rasa ku?" Dangin uba in sun so ɗaukar maraya babu mai hana su, kuma Gwaggo ta sha faɗa a wasa cewa tana son yarinyar da za ta riƙa yi mata wanke-wanke.

Daga nan suna ya bi Inna. A bakin rijiya Iya ta fara kiranta mai buhu, kafin a yi sallar layya sunan ya zaga gari. Yara suna rera shi in ta wuce. Da aka kawo hatsin taimako aka tara mutane a ƙofar mai unguwa, aka tsallake gidanmu, aka ce ai su an kawo musu daga Sabon Birni. Inna tana fita tun da jijjifi ta yi nisa cikin daji, ta tona gidan tururuwa ta kwaso 'yan tsabar ciyawar da suka tara, ta tsinko 'ya'yan anza mu jiƙa kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita. Tana yin nisa ne don kada a gan ta. Wata rana masu itace suka gan ta durƙushe a bakin rami, suka dawo suka ba da labari cewa rowar matar nan ta kai ga tana da buhuna a ɗaki tana yi wa tururuwa sata. Da kunnena na ji ana dariyar wannan magana.

Mun rayu, ban san yadda aka yi ba. Ruwa ya dawo, aka yi gero, mutane suka manta da yunwa. Sunan ne ba su manta ba. Iya ta toshe 'yar kafar da ke jikin darni, wadda suke miƙa wa juna wuta da gishiri ta cikinta. In sun haɗu a biki ko suna, sai Iya ta tashi ta sake wuri.

Gwaggo kuwa ta zama abin misali. In ta zo Kamarawa da lulluɓinta mai walƙiya, dattawa har tasowa suke su yi mata sannu, suna cewa samun 'yar'uwa irinta sai an tona. Takan sunkuyar da kai ta ce, "Ai zumunci na, ba a hwaɗi." Ba ta taɓa furta kalmar hatsi ba, wannan kam na shaide ta. Barin mutane take su furta, ita ta amsa da murmushi. In ta shiga ɗakin Inna kuma sai ta zauna a gado ta fara tambayar lafiyar kayanta ɗaya bayan ɗaya. "Ina hitilag ga tawa? Daga Makka anka kawo ta, ki riƙe ta da kyau. Ina butar? Ƙarhen da na, yanzu ba a irinai." Inna ta jawo ta nuna, ta sake godiya. Saboda haka ko murfin kwano ba ya fita daga ɗakin, don ba a san wanda za a tambaya baɗi ba.

Kuma aiken bai tsaya ba. Tun da ta ga an sami wurin zubawa, duk sanda Gwaggo ta sake jere sai mota ta sauke mana rabonmu ranar kasuwa. Gadon ƙarfe mai ƙafa uku ya zo, muka tallafe shi da dutse. Ƙafar keken ɗinki ta zo ba kai. Madubi tsagagge ya zo, da katifar rimi da ta sha fitsarin jikoki, da tulin murafai da ba su da tukwane. Kowane zuwa sai an ba da tukuici, sai an aika godiya. Ɗaki ɗaya ne da Inna, na ƙasa, tarkacen suka cinye shi daga bango zuwa bango, suka hau kan gado, har ta koma kwana a takure a gefe ɗaya kamar baƙuwa. Ɓeraye suka yi gida, gara ta shiga. Kunama ta harbe ta a cikin kayan nan ba sau ɗaya ba.

Bayan an yi mini aure a garin Isa, na zo wata rana na tarar da ita tana neman carbinta a cikin tulin, ta tsufa, bayanta ya ranƙwafa. Na ce yau sai na kwashe su na zuba a kududdufi. Na ce ni na yi aure, ƙanena ya yi gemu, gida ya zama nasa, yanzu wa za a zo a kwashe? Ta riƙe mini hannu ta ce, "Bari. Na riga na shanye. Yaya ta tsuhwa, ni ma na tsuhwa." Na ce sunanta fa? Ta ce Allah ya sani. Na yarda Allah ya sani, amma ni so nake Kamarawa ma ta sani. Na koma Isa ranar ban ci abinci ba don takaici.

Fari ya sake dawowa bayan shekara goma da 'yan kai, kuma a cikinsa Inna ta kwanta. Na baro Isa na zo jinya. Wuri ma na shimfiɗa tabarma sai da na ture keken ɗinkin. Ana gobe za ta cika, da hantsi, ina yi mata fifita, ta nuna buhunan nan biyu da ido. Suna nan inda ta jingina su, gindinsu ya fara ruɓewa, shuɗin zaren bai ko kwance ba. Ta ce, "Bayan raina ki sa ƙanenki shi haƙa rami bayan gida ku binne su. Kada kowa shi gani." Na ci gaba da fifita. Ta sake dubana tana jiran in ce to. Na ce, "Inna, sha ruwa." Ta sha. Ban ce to ba, kuma ta san ban ce ba.

Gwaggo ta iso washegarin jana'iza da kukanta tun daga bakin gari. Ta zauna a kan tabarma mafi kyau ta karɓe gaisuwa, kamar ita aka yi wa mutuwar. Duk wadda ta shigo sai ta ji labarin yadda ta riƙe marayun ƙanenta ba ta taɓa gajiya ba. Ni ina gefe ina kallon bakinta. Ana jibi addu'ar bakwai ta kira ni bayan ɗaki ta rage murya ta ce, "Ɗiyata, ɗakin ga ki bar shi ruhe. In na koma za ni aiko a kwashe tarkacen, kada ku wahala." Daɗi ya rufe ni. Ashe ta sani. Duk shekarun nan ina tunanin ko wauta ce irin ta masu ƙoshi, ashe tana sane da abin da ta ɗinke. Na ce, "Gwaggo, Allah shi bar zumunci."

Ranar bakwai mata suka cika tsakar gida. Sadakar ba ta da yawa, shekarar ba ta bar wa kowa abin yin gumba mai kauri ba, amma an zo, don an san Gwaggo tana nan. Iya ma ta zo. Ba ta zo wanka ba, ba ta zo zaman makoki ba, sai ranar ta shigo da sandarta ta zauna can jikin darni, nesa da kowa. Da maza suka shafa fatiha a waje, na yafa mayafi na je bakin zaure na durƙusa na gaida liman. Na ce, "Malam, kayan mamaci in za a raba, duka aka hiddawa ko zaɓe akai?" Ya ce, "Duka. Ko allura ta, a hiddo ta a gani." Na ce to a yi yau, tunda dangi suna kusa. Ƙanena ya dube ni, ya gane, ya sunkuyar da kai bai hana ba.

Na ɗaure zane na ci ɗamara. Ban bar kowa ya taya ni ba. Kayan Inna na kanta na fara fitarwa, zannuwa uku, da carbi, da buta, da tukunyar tuwo, da 'yar tabarmar salla. Na ajiye su gefe, ba su cika faifai biyu ba. Sannan na koma. Na fito da fitilar na dire a tsakiyar fili na ce, "Wagga daga Makka anka kawo ta." Na fito da butar na ce ƙarfen da ne. Na jawo ƙafar keke tana kuka a ƙasa, na jawo katifar, ɓeraye suka watse cikin mata aka yi ta ihu ana ɗage ƙafafu. Wasu suka fara dariya. Gwaggo ta ce, "Ke, ɗiyag ga, mine na haka? Ranar addu'a ta." Na ce Malam ne ya ce ko allura. Tulin ya yi ta hawa har ya kai ƙuguna, ƙura ta tashi, masu tari suna yi, ni ina shiga ina fita, jikina wani irin sauƙi yake yi da kowane abu da na jefar.

Buhunan na bari ƙarshe. Da na jawo na farko dariyar ta tsaya, don duk wadda ta kai shekaruna a wurin ta san su. Na jawo na biyu na jingina a jikin tulin. Na ɗauko wuƙar yanka kuɓewa na ratsa mata har gaban Iya, na miƙa mata ta wajen ƙota.

Na ce, "Iya, ga hatsin da kinka zo nema. Inna ta aje maki. Taho ki ɗiba."

Ba ta so tashi ba. Na tsaya a kanta da wuƙar a miƙe har shirun ya yi mata nauyi. Ta dogara sandarta ta taso, ta karɓa. Na nuna wa mata zaren na ce su duba da kyau, ɗinkin Sabon Birni ne, ba a taɓa shi ba tun ranar da raƙumi ya durƙusa. Iya ta sa wuƙa. Algararar ta riga ta mutu, tana taɓawa buhun ya yage har ƙasa. Tsummokaran da gara ta mayar gari suka zubo, sai takalma, wari-wari, babu wanda ya sami ɗan'uwansa. Sai kwalaben turare wayam, da agogon bango babu hannuwa, ya mirgina ya tsaya a ƙafar Iya. Ta farke na biyun da kanta, ban ce mata ba. Ta zura hannu har kafaɗa tana lalube, ta fito da murfin shantali da tsinken laima. Ta sake zurawa. Ta zazzage shi ta kakkaɓe, ko tsaba ɗaya ba ta faɗo ba.

Na juya na gaya wa mata abin da ke cikin biyun farko, na nuna su a tulin. Na gaya musu tarin da Inna ta yi, da kazar da ta bayar, da abin da ke cikin tukunya ranar da suka ga hayaƙi. Ban ɗaga murya ba, ba a bukata. Har maza sun taru a bakin zaure suna ji.

Gwaggo ta gyara lulluɓi ta ce, "To ni na ce hatsi na? A tambayi kowa, na taɓa cewa hatsi na?"

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Da munka yi maki godiyar hatsi, mi kinka ce?" Gwaggo ta ja lulluɓi ta rufe fuska. Na daɗe ina tanadin maganar da zan gaya mata a wannan rana, tun ina yarinya nake gyara ta a raina, sai ga shi ban ma bukace ta ba.

Liman ya tambayi magada yadda za a yi da tulin. Ƙanena ya ce shi ya yafe rabonsa. Na ce ni ban yafe ba, na karɓa duka, kuma na ba Gwaggo kyauta, don na san darajar kayan nan a wurinta, shekara da shekaru tana tambayar lafiyarsu. Kyautar da aka yi a gaban liman da jama'a ba ta mayaruwa. Motar kasuwa tana shirin tashi, na sa aka tsayar da ita a ƙofar gida. Mata da kansu suka yi ta miƙa kaya, wannan ta ɗauki murfi, waccan ta ɗauki takalmi, babu abin da aka bari, har dutsen da muke tallafe gado da shi wata ta jefa a ciki. Aka ɗora Gwaggo a tsakiyar kayanta, ba wanda ya yi mata Allah kiyaye hanya. Motar ta tashi tarkacen suna kaɗawa, ana jin ƙararsu har ta fita gari. Na ji daɗi. Ko yanzu da nake rubuta wannan ina jin daɗin, kuma ban taɓa neman gafarar kowa a kansa ba. Gwaggo ba ta sake taka Kamarawa ba har ta mutu.

Mata suka watse a hankali, kowace ta zo ta kama hannuna ta yi wa Inna addu'ar da ba ta yi mata da safe ba. Na shiga ɗaki da tsintsiya. Sai a lokacin na ga girmansa. Ɗaki ne da mutum biyar za su kwana su miƙe ƙafa, ga wata 'yar taga a bangon yamma da na manta da ita, tarkace sun toshe ta tun ina budurwa. Na tura ta haske ya shigo. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, ina tuna yadda take naɗe ƙafafu a gefen gado.

Da na fito da shara na tarar Iya ba ta tafi ba. Tana zaune a inda tulin yake, ita kaɗai a fili, da yagaggen buhu ɗaya a cinyarta da ta hana a sa a mota. Rana ta yi zafi amma ba ta koma inuwa ba. Ta ce, ba ta dube ni ba, "Ran da niz zo da ƙwarya, tana son ta hwaɗa mani?"

Na ce, "Ni ce nis so. Ita ta taka mani ƙahwa."

Ta shafa buhun da ke cinyarta. Sannan ta ce, "Ki yahe mani, ɗiyata."

Na ce, "Ba ni anka yi ma ba, Iya. Wadda za ta yahe maki kwananta bakwai cikin ƙasa, darni guda ke tsakaninku kina ji tana nishi ba ki leƙo ba."

Ta gyaɗa kai kamar dama abin da take jira ke nan. Ta naɗe buhun ta ɗora a ka, ta dogara sanda ta fita. Na zaci gida za ta, sai na ji sallamarta a gidan da ke kallon namu, na ji tana cewa a kira mata matan gidan tana da magana a kan sunan da ta sa wa Inna. Bayan ɗan lokaci na ji sallamarta a gida na gaba, muryarta ta dushe, sannan na gaba da shi. Tsohuwa ce, zafin ranar kuma ko kare ba ya fita a cikinsa. Ban bi ta ba, ban ce ta dawo ta sha ruwa ba. Na tsaya a zaure da tsintsiya a hannu ina saurare har na daina jin ta.